'Yan'uwana mata, don Allah mu daina riƙe fitsari

Salamu alaikum. Maganar nan da nauyi a baki amma wallahi sai na faɗe ta, don a jikina na gani. Shekara biyu ina taya yayata tsaron shago a Babbar Kasuwar Yamai, tun safe har la'asar ba na leƙa banɗaki saboda ƙyanƙyami, ruwa ma na rage sha don kar fitsari ya matse ni, a zafin Afrilu fa da ake wuce digiri 40. Sai da fitsari ya koma min kamar barkono, mara na ciwo, sannan na tafi likita.

Lokotoro ta ce mafitsarar babba kusan rabin lita take ɗauka, kuma yin fitsari sau 6 zuwa 8 a yini ba matsala ba ne. In fitsari ya daɗe kwance ƙwayoyin cuta ke samun wurin hayayyafa, mu mata kuma hanyar fitsarinmu gajera ce, wajen santimita 4, shi ya sa tsarki daga gaba ake yi zuwa baya, kar hannu ya kwaso na baya ya kawo gaba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yunƙuri. Akwai tsokoki a ƙasan mara da suke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, sai sun saki fitsari ke fita duka, to ke kina sauri ana ƙwanƙwasa ƙofa kina ta yunƙuri, ko masai na zama ne kin ƙi zama kin tsaya rabi a sama, ina za su saki? Haka in bayan gida ya yi tauri, kullum nishi, ga waya a hannu ana kallon TikTok minti ashirin. A hankali tsokokin nan suke sanyi, wata rana ki yi tari ko dariya ki ji zane ya jiƙe, ga salla.

Tsugunon da muka saba a salanga yana da kyau, ki natsu kawai ya fita da kansa. Ki sha ruwa, ki ci zogale da ganye, shayin nan mai kauri a rage. Kuma kar ki riƙa zuwa kowane minti ba ki ji komai ba, mafitsara sabo take yi.

In kin ga jini, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, kar ki tsaya sayen ƙwaya wurin mai tebur, ki tafi likita ranar.