Hutun besbol: kwana uku sun yi wa mai jego kaɗan

Da zarar an kammala World Series, wasannin ƙarshe na cin kofin besbol, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, filayen besbol na Amurka sai su yi tsit, kasuwar 'yan wasa ta buɗe. Kwana biyar bayan wasan ƙarshe, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ya samu 'yancin kansa na iya sa hannu da kulob ɗin da ya ga dama. A nan magoya baya ke fara tsegumi: wane ya bi kuɗi, wane butulu ne. A ganina an yi gaggawar yanke hukunci, domin ba a duba kalanda ba.

Kowane kulob cikin 30 na MLB, wato babbar gasar besbol, yana buga wasa 162 a kwana 186 ko kusa da haka, rabi a garin wasu. Kafin nan akwai atisayen kusan mako shida a Arizona ko Florida tun tsakiyar Fabrairu. Duk tsawon wannan lokaci uwargidan ɗan wasa ce ke kai yara makaranta, ita ce a asibiti. Idan kuma aka yi musayar maigidan a ƙarshen Yuli, shi zai ɗauki jaka ɗaya ya hau jirgi, ita za a bari da kwalaye, da haya, da neman sabuwar makaranta.

Sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa kafin ya zaɓi garin da zai zauna. Shi ya sa idan damar ta zo ba kuɗi kaɗai ake ciniki ba, har da yawan shekaru da sharaɗin cewa ba za a sayar da shi ba sai da yardarsa. Kwantiragin ɗan wasa Juan Soto da kulob ɗin Mets na New York a Disambar 2024, dala miliyan 765, kowa ya riƙe kuɗin. Shekara 15 ɗin fa? Yaron da aka haifa ranar sa hannu zai shiga sakandare a gari ɗaya.

Amma irin Soto su nawa ne? Matashin da ke tsakanin babbar gasa da Triple-A, gasar da ke ƙasa da ita, ana iya mayar da shi ƙasa har sau biyar a kaka guda. Wannan ba ya da bakin cewa komai, ƙa'ida ce kaɗai gatansa, kuma ƙa'idar ta yi rowa. Hutun haihuwa da aka shigo da shi a 2011 kwana ɗaya ne zuwa uku, ko ranar suna bai kai ba. Duk da haka, da Daniel Murphy na Mets ya bar wasa biyu na farkon kakar 2014 saboda matarsa ta haihu, masu sharhin rediyo a New York sun yi masa ca, har ɗayansu ya ce da an yi mata tiyata kafin a fara kaka. Daga baya mai sharhin ya nemi afuwa. A 2016 Adam LaRoche ya bar wa kulob ɗin White Sox dala miliyan 13 ya yi ritaya, bayan an ce ya rage zuwa da ɗansa ɗakin 'yan wasa. A wannan kam kulob na da hujja, wurin aiki wurin aiki ne. Haihuwa daban.

Yarjejeniyar masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa wa'adinta 1 ga Disamba 2026, kuma ya kamata a kai hutun haihuwa kwana bakwai, daidai da iyakar hutun rasuwa. Masu adawa za su ce wasa shida ko bakwai na iya hana kulob shiga zagayen ƙarshe. Haka ne, amma ƙa'ida ta ba shi damar ɗauko wani daga Triple-A ya cike gurbin. Kuma ɗan wasan da ya yi targaɗe, aƙalla kwana goma ake ajiye shi a jerin masu rauni, babu mai buga waya gidan rediyo ya ce ya ci amanar kulob.