Motoci sun tsaya, ɗakin Inna yana zuba

Ina rubuta wannan ƙorafi ne daga wani ƙauye da ke ƙasar Ringim a jihar Jigawa, kuma raina a ɓace yake, domin a makon jiya direbobin tasharmu sun ajiye motocinsu kwana huɗu cur ba tare da sun sanar da kowa ba, a daidai lokacin da marka ta sauka ta ƙi ɗaukewa, ɗakin mahaifiyata kuma yake zuba kamar kwando.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ruwan watan Agusta yake yi wa soro. Rufin namu azara ce aka jera, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa aka yaɓe, kuma muddin indararo yana fitar da ruwa, ginin yana iya kai shekaru masu yawa. Amma idan yayyafi ya yini ya kwana, ƙasar sai ta sha ruwa ta yi nauyi, azarar da gara ta riga ta ci kuma sai ta fara lanƙwasa. Mun yi yaɓe tun da bazara kamar yadda muka saba, sai dai maginin da ya hau ya duba bayan ruwan farko na watan ya sauko yana girgiza kai. Ya ce mini, "Malam, azara biyu sun mutu. Ko dai a sauke rufin nan a sa kwano, ko kuma a fitar da Inna tun kafin ya sauko da kansa." Da shi da kafinta suka yi mini lissafi: bandir biyu na kwano, wato falle arba'in, da katako da ƙusa mai hula. Na kwashi adashina, na haɗa da kuɗin tunkiyar da na sayar, na yi niyyar sammako zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan gini suka fi sauƙi, in dawo kafin la'asar.

Bayan sallar asuba na isa tasha, sai na tarar da motoci a jere, babu wadda take lodi, direbobi suna zaune a kan benci suna shan shayi. Na gaishe su, na tambayi wani dattijo a cikinsu wanda ya daɗe yana ɗaukata. Ya ce, "Ɗana, ai yau babu fita. Kuɗin tikiti ya ishe mu, masu tare hanya sun ishe mu, mai kuma ka san yadda yake." Na ce, "To Baba, sai yaushe?" Ya ce sai abin da shugabanni suka ce.

Ban ƙaryata shi ba, kuma har yanzu ban ce direba ba shi da abin kuka ba. Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, taya da baƙin mai da kayan gyara duk suka bi ta. Mutumin da zai yini a hanya, ya biya a tasha, ya miƙa a wannan shinge ya miƙa a wancan, sannan ya kai wa mai mota balas, ya koma gida da abin da bai isa cefane ba, yana da haƙƙin ya ce ya gaji. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da mu kamar ba mutane ba. Waɗannan shugabannin tasha, ranar da za su ƙara kuɗin mota, kafin gari ya waye kowane kwandasta ya haddace sabon farashi. Amma ranar da za su hana dubban mutane fita, an rasa wanda zai gaya wa dagaci, an rasa wanda zai ba liman takarda ya karanta bayan sallar Juma'a, an rasa wanda zai ba mai shela ɗan goro ya zaga gari, balle a kai sanarwa gidan rediyo. Da an faɗa mana ko da kwana biyu kafin nan, da na je Kano na dawo, da yanzu Inna tana kwance a ƙarƙashin kwano.

Kuma ba ni kaɗai na tsaya a tashar nan ba. Akwai wata baiwar Allah da goyonta, jikin yaron zafi rau, ga lokacin zazzaɓin cizon sauro, tana ta roƙon a taimaka a kai ta asibiti. Akwai matan Fulani da ƙoren nono, akwai mai buhunan kuɓewa da yalo waɗanda ba sa jiran sulhun kowa kafin su lalace. Wanda ya sa tikiti yana ofishinsa, wanda ya tare hanya yana bakin shingensa, babu ɗayansu da ya rasa abincin rana saboda wannan yaji. Mu da ba mu sa haraji ba, ba mu karɓi ko sisi ba, mu aka kama aka matse.

Sai kuma masu cin kasuwar wahala suka fito. 'Yan acaɓa suka ninka kuɗi, wasu har sau uku, suna faɗa maka ido cikin ido cewa in ba ka so ka taka da ƙafa. Wasu daga cikin direbobin da suka rantse babu fita, da hantsi sai ga su suna lodi a bayan gari a ɓoye, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a kuɗin da suka ga dama. Wannan wane irin yajin aiki ne, wanda talaka ne kaɗai yake jin zafinsa, masu yin sa kuma suna cin riba ta bayan fage? Ni ko da na yarda na biya, babur ba zai ɗauko mini bandir biyu na kwano da katako daga Kano a cikin ruwa ba. Wurin aikina ma, makarantar da nake koyarwa a wani gari, kwana biyu na taka da ƙafa cikin taɓo, na isa bayan an buga ƙararrawa, aka dube ni kamar da gangan na makara.

Na tuna lokacin da 'yan adaidaita sahu suka yi yaji a birnin Kano a watan Janairun 2022. Da yake an hana acaɓa a birnin tun 2013, gari ya tsaya cik, gidajen rediyo suka yi ta magana safe da yamma, manya suka shiga tsakani. Namu kuwa, da yake a ƙauye ne, babu wanda ya ji, babu wanda ya tambaya. Abin takaici, layin dogon da aka shimfiɗa daga Kano zuwa Nguru tun 1930 ta Ringim ya ratsa, kuma iyayenmu suna ba mu labarin yadda suke hawa jirgi da kayansu. Da jirgi yana kai da kawo kullum a kan lokaci, da rigimar tasha guda ba ta isa ta ɗaure ƙasa baki ɗaya ba.

Dararen nan huɗu ban yi barcin kirki ba. Mun tokare azarar da gwafa biyu, mun shimfiɗa tamfol a kan soron mun danne da duwatsu, mun jera bokiti da roba da tsohuwar ƙwarya a inda yake ɗiga. Na roƙi Inna ta koma ɗakin matata, ta ce, "Ɗan nan, ɗakin da na haife ku a ciki ba zan bar shi saboda ɗigon ruwa ba." Sai a dare na biyu, da ɓarɓashin ƙasa ya zubo mata a kan gado, kawuna ya zo ya lallashe ta ta fito, amma kayanta na ciki, kuma da zarar an yi tsawa sai ta miƙe ta nufi ƙofar. Ni kuma ina kwance ido biyu, kunnena yana kan ginin, duk ƙarar da na ji sai gabana ya faɗi. Mu mutanen Ringim ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, kuma kowace damina sai an ji inda gini ya rufta wa mutane suna barci. Hatta hirar majalisa a wurin mai shayi ta canja: maimakon zancen gero da taki, kowa labarin katangarsa yake yi, ana tambayar juna wa yake da ragowar siminti, wa zai ara wa wani tamfol.

Ina kira ga shugabannin tasha da hukumar da take karɓar kuɗi a hannunsu, duk ranar da za su sake irin wannan, su ba jama'a sanarwar kwana uku ta bakin dagatai da limamai da rediyo, su ware mota ko da guda ɗaya ta marasa lafiya da masu naƙuda, su kuma hukunta 'ya'yansu da suke lodi a bayan gari da ninkin kuɗi. Wanda yake iya bin kowace mota ya karɓi tikiti kullum ba zai ce wannan ya gagare shi ba.

A rana ta biyar motoci suka fito, babu wanda ya gaya mana abin da aka daidaita a kai, sai dai muka tarar an ƙara kuɗin mota, an kuma ƙara na kaya. Na je Ƙofar Ruwa, amma abin da na kashe a kan babur da tamfol ya riga ya ci kuɗin, bandir ɗaya da rabi kaɗai na iya saya. Kafintan da ya jira ni kwana biyu ya karɓi aiki a wani gari, ya ce sai mako mai zuwa. Kwanon yana jingine a zaure, gwafa biyu suna riƙe da ɗakin Inna, yau ma tun azahar hadari yake haɗuwa ta gabas.