Kada a bari sai yaro ya jigata

Wannan labari naku kan yara masu farfaɗiya da ake ɓoyewa a gida ya taɓa ni ƙwarai. Ɗan ƙanwata a nan Tudun Wada haka ya fara, sau ɗaya a wata, muna cewa iska ce, ana ta hayaƙi. Kafin shekara ta zagayo yana faɗuwa kusan kullum, har ya fasa haɓa a bakin rijiya, karatun allonsa ma ya koma baya. Wani mai kemis kuma ya yi ta canza masa magani da ka.

'Yan'uwa, idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, a garzaya asibiti nan take. A kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki. In an sha magani iri 2 yadda likita ya ce amma abin sai gaba yake yi, a nemi takardar zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da Zariya wajen likitan ƙwaƙwalwar yara, a yi gwajin EEG, wato awon yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke aiki. Mu bidiyon faɗuwar ɗan ƙanwar tawa da muka ɗauka a waya ne ya taimaka wa likitan ya gane irin farfaɗiyar tasa. Yau wata 8 bai faɗi ba, alhamdulillahi.