Ƙofar mai kuɗi ƙwanƙwasa ta ake yi

Daren Juma'ar da ta wuce gardama ta kaure a majalisarmu ta shayi da ke titin Shari'a Mansur a Makka, kan wani shirin 'yan sanda mai dogon zango. Wani abokina ya kafe cewa irin waɗannan labarai adalci suke koyarwa, tunda a ƙarshe ɗan attajirin aka sa wa ankwa. Na ce masa ya koma kashi na farko.

A can za ka ga yadda jami'i ke shiga gidan mai hali. Da sallama yake shiga, a zaunar da shi, a kawo gahawa da dabino, ya nemi afuwa kafin ya jefa tambaya ɗaya. Direban gidan kuwa, tun gawa ba ta huce ba an karɓe iƙamarsa, wato takardar izinin zama, an cusa shi bayan mota. Kwana nawa ya yi a tsare? Marubucin bai damu ya faɗa mana ba.

Salon tsoho ne. Littattafan Agatha Christie, waɗanda fassararsu ta Larabci ke ko'ina a shagunan littattafan ƙasar nan, a falo ake tara iyalin gida a warware musu sirri cikin ladabi. Columbo, ɗan sandan shirin talabijin na Amurka, da aka fara jerinsa a 1971, manyan masu kuɗin Los Angeles yake kamawa, amma sai ya yi ta ba su haƙuri har zuwa minti na ƙarshe. Wanda ya fi taɓa ni shi ne littafin Finding Nouf na Zoë Ferraris, na 2008, domin a Jidda aka gina labarin: 'yar wani babban gida aka tsinci gawarta a sahara, aka rufe maganar da sunan haɗari, sai wani jagoran sahara da wata ma'aikaciyar ɗakin binciken gawa suka ƙi yin shiru.

Ba na cewa hukunci ba ya kai wa manya. A Oktoban 2016 an zartar da kisasi a Riyad kan Yarima Turki bin Sa'ud al-Kabir saboda kisan kai, duniya ta shaida. Sai dai mu da muka tashi a unguwannin Hindawiyya da Rusaifa na Makka mun san abin da kalmar wasɗa, wato samun alfarma ta hanyar sanayya, take nufi, mun kuma san wanda danginsa ke iya tara miliyoyin riyal na diyya cikin mako guda, da wanda uwarsa za ta bi masallatai tana kuka.

Shi ya sa nake jin ciwo idan matasanmu masu rubutu suka kwafi wannan tsari yadda yake. Direban nan da ake wucewa ta kansa a shafi biyu, sau da yawa kamar ɗan'uwanmu yake, Batakari mai aika wa iyaye kuɗi Kano ko Damagaram. Ina son in karanta littafin da zai shiga ɗakin tsarewar tare da shi, ya zauna har gari ya waye.