Taron minti 15 da ke cinye safiya

A Scrum, wato tsarin gudanar da aiki da mu masu rubuta manhaja ke bi, taron kullum minti 15 ne, shi ya sa ma galibi ake yin sa a tsaye. Mu kuwa a Zoom kowa ya miƙe ƙafa, sai a kwashe awa guda. Oga yana ta laluben fayil a allonsa, wani yana ta zuba bai san makirufonsa a kashe yake ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, gyaran da na tura GitHub, shafin da muke ajiye aikin manhaja, yana nan jibge, ba wanda ya leƙa, amma a Slack, manhajar da muke aika wa juna saƙo a wurin aiki, sai "ina aka kwana?" Haba malam! Da wane lokacin zan rubuta manhajar? Duka-duka mu nawa ne a kamfanin? Jiya ma an ƙara wani taron, na ranar Juma'a da yamma.