Goggo ta riga ni isa Kano

Ranar da Goggo za ta dawo daga Umara, ni aka ɗora wa ɗauko ta daga filin jirgin Malam Aminu Kano, tunda ni ke da mota kuma ni ne malamin lissafi a gidan. Da daddare ta bugo daga Jidda ta ce, "Kai ɗan nan, ƙarfe tara na safe za mu tashi, kada ka shanya ni."

Na ce, "Goggo, kwantar da hankalinki."

Na zauna na buga lissafi. A tafiya sun bar Kano da sha biyun rana, ta kira mu ta ce sun sauka bakwai na yamma. Awa bakwai ke nan. Tara a tara da bakwai, huɗu na yamma. Har na yi wa matata bayani da alƙalami, tana gyaɗa kai.

Na bar Gombe wajen tara, na bi ta Dukku ina jin rediyo, na ƙetare kogin Gongola ba gaggawa. A Darazo na faka na sa aka kawo mini masa da miyar taushe. Na kai loma ta biyu baki ke nan waya ta yi ƙara.

"Kana ta wace ƙofa? Mun fito."

"Kun fito daga ina, Goggo?"

"Daga gidanku! Daga jirgi mana."

Masar ta tsaya mini a maƙogwaro. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, don haka taran Goggo bakwai ce a Gombe, lokacin ina neman takalmina ɗaya a ƙarƙashin gado. Tafiyar kuma ba awa bakwai ba ce. Tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, jirgi kuwa yana cin sama da kilomita 800 a awa, sai ya zama awa biyar ko ƙasa da haka. Waccan bakwai ɗin, agogon can ne ya yi mata ciko. Tsohuwa ta ƙetare Bahar Maliya da faɗin Afirka, ni ko jihar Bauchi ban fita ba.

Daga nan fa na taka mota. Gwaram ta kira, Birnin Kudu ta kira, a Wudil ta ce in daina wahalar da kaina, wani ɗan ƙawarta ya kwashe ta zuwa Fagge.

Na iske ta a kan darduma ta ci ta sha, mata sun kewaye ta tana ba su labari. Wai dawowa ta fi sauri, awa uku kacal, tara zuwa sha biyu, saboda daga Makka gangara ce. Na durƙusa na gaishe ta, na soma cewa ai bambancin agogo ne. Ta ɗaga mini hannu.

"Kakanmu da ƙafa ya tafi ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, amma da ya dawo sai da ya tarar da masu taryarsa a bakin gari. Su ba su yi boko ba."

Matan suka kwashe da dariya. Can na hango yaron da ya ɗauko ta yana gwada wata farar jallabiya a jikinsa, hannun ya yi masa tsawo. Na ce, "Goggo, wannan kamar awona ne."

Ta ce, "Da naka ne."