Kisan taku biyu ba abin raini ba ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a wurin 'yan'uwanmu masu buga darar ces. Da an ɗora hoton allo aka ce farare za su kashe sarki cikin taku biyu, sai ka ji wani ya taɓe baki: "Haba, wannan ai ko yaro ya gani, a kawo mana na manya." In kuwa aka ce daga wasan gwani da ɗan koyo aka ciro shi, to an gama raina shi ke nan. Ni a ganina irin waɗannan su suka fi amfanar irinmu, kuma da wanda ya fi kowanne suna zan kafa hujja.

A shekarar 1858 aka buga wasan a birnin Paris, cikin gidan wasan opera, ana can ana rera waƙa a dandamali. Mai farare shi ne Paul Morphy, ɗan New Orleans ta Amurka, yana da shekara 21. Masu baƙaƙe mutum biyu ne suna shawara da juna: Karl, basaraken Brunswick da mutanensa suka kora daga mulki tun 1830, da abokinsa Isouard, wani mai sarauta na Faransa. Ba sa'o'insa ba ne ko kusa. A ƙarshen wannan shekarar Morphy ya lallasa Adolf Anderssen, wanda ake ganin babu kamarsa a Turai. Taku 17 kacal wasan na gidan opera ya yi.

Ga yadda allon yake kafin taku na 16 (kowane gida a allo yana da suna: harafi daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8). Sarkin baƙaƙe yana e8, bai taɓa motsi ba. Sarauniyarsu tana e6, doki a d7, bishop (mai tafiya a karkace) a f8, hasumiya (mai tafiya a miƙe) a h8. Morphy yana da sarauniya a b3, hasumiya a d1, bishop a g5. Amsar ita ce ka tura sarauniya b8, ta tsare sarki. Sarki ba shi da wurin gudu, domin bishop ɗin g5 ya riƙe e7 da d8. Sarauniyarsu ba za ta iya shiga tsakani a c8 ba, dokinsu ne ya tare mata hanya. Dole doki ya ci sarauniyar. Yana barin d7 layi ya buɗe, hasumiya ta sauka d8, bishop na kare ta. Sarki ya mutu.

Da sauƙi, na yarda. Amma me ya sa ya zo da sauƙi? Saboda an riga an raɗa maka cewa akwai kisa. A wasan gaske babu mai taɓa ka a kafaɗa ya ce malam, duba da kyau. Ku sake kallon allon nan ba tare da wannan raɗar ba. Sarauniyoyin biyu suna kallon juna, b3 da e6, baƙaƙe sun miƙa tayin musanya. Wallahi da yawa daga masu taɓe bakin nan musanyar za su karɓa, su ce a rage kaya a huta. Suna karɓa kuwa sai su tarar abokin wasa ya fi su da doki guda, su kuma 'yan sojoji biyu kawai suka fi shi. Wasan da ake cewa na cin tuwo ya koma na gumi.

A lissafin kaya baƙaƙe ne a gaba, a wasan da kowa ke cewa an yi musu kaca-kaca. Sai dai bishop ɗinsu na f8 da hasumiyar h8 ba su taka ko gida ɗaya ba tun daga farko har aka tashi. Kamar mai hatsi cike da rumbu ne, mabuɗi ya ɓace, iyali na kwana da yunwa. Bishop ɗin ma bai tsaya a rashin amfani ba, shi ya toshe wa sarkinsa hanyar tsira. Morphy kuwa duk abin da ya fito da shi aiki yake yi, har abubuwa biyun da suka rage masa a ƙarshe su suka yi kisan. Wanda ya warware taku biyun ya wuce bai tambayi yadda aka zo nan ba, ya bar rabin karatun a baya.

Wani abin da masu neman "na manya" ba su lura da shi ba: manyan ba sa bari a kashe su a kan allo. Gwani yana hango kisa daga nesa zai miƙa hannu ya sallama. Ka bi wasannin gasar duniya, da wuya ka ga an kai ga kisan kansa. To a ina ɗan koyo zai ga yadda ake ƙarasawa? Sai a wasan da ƙarfi bai zo ɗaya ba, inda mai rauni ya tsaya har aka gama da shi. Shi ya sa nake ganin Karl da Isouard sun cancanci godiya. Wannan salon kisa, hasumiya a layin ƙarshe bishop na kare ta, har yau da sunan gidan operan nan ake kiransa.

Kuma mu faɗi gaskiya, wasanninmu na waya da na gindin bishiya ai kusan duk haka suke, wani ya yi wa wani nisa tun taku na goma. Matsalarmu ba samun galaba ba ce, ƙarasawa ce. Sau nawa kuka ga mutum da sarauniya biyu yana bin sarki tilo lungu-lungu, yana dariya, can ya toshe masa ko'ina ba tare da ya tsare shi ba? Doka ta ce canjaras. Ran nan za ka ga fuska ta canza. Manhajar Lichess, wadda kyauta ce, daga wasannin da mutane suka buga da gaske take ciro tambayoyinta, har da na kisan taku ɗaya da na biyu. Ba don yara kawai aka zuba su ba. Ido ake horarwa, har ya kai yana ganin siffar kafin ƙwaƙwalwa ta fara lissafi.

Inda nake ba masu suka gaskiya wuri ɗaya ne. Wanda ya shaƙu da irin waɗannan tambayoyi yakan ɗauka kowane allo akwai sarauniyar da za a sadaukar. Sai ya riƙa jefa ta a wuta, abokin wasa ya ci ya yi hamdala, kisa kuma babu. Morphy bai ba da tasa ba sai da ya tabbatar amsa ɗaya tak ta rage wa baƙaƙe. Kafin ka saki hannu, ƙirga gidajen da ke kewaye da sarkin ɗaya bayan ɗaya, ka duba wa zai iya ci, wa zai iya shiga tsakani.

Masu son mai wuya kuma, ga naku daga wannan wasan dai. A taku na 8 sojan baƙaƙe na b7 yana nan ba mai tsaro, sarauniyar Morphy na kallonsa. Da ya ci, baƙaƙe za su kawo tasu b4 su tsare sarkinsa, a yi musanyar dole, ya rage da ribar soja guda. Bai ci ba, ya fito da dokinsa c3. Ku jera allon ku zauna a kujerarsa, sannan ku gaya min tsakaninku da Allah wanne za ku taka.